Gwajin gadon cutar kansa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kansar da ake gado ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu cutar ba, don haka ba kowa ke buƙatar gwajin nan ba. Mai buƙata shi ne wanda a danginsu aka samu mace da sankarar mama kafin ta kai shekara 50, ko sankarar ma'ajiyar ƙwai, ko namiji da sankarar mama, ko mutum biyu uku masu kansar hanji. A sa dangin uba a lissafi. Ana yawan mantawa da su, alhali lahanin ƙwayar halitta ta BRCA1 ko BRCA2, mai ƙara haɗarin sankarar mama da ta ma'ajiyar ƙwai, uba na iya ba 'yarsa kamar yadda uwa za ta ba ta, kuma kowane ɗa yana iya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi.

In an riga an gano lahanin a jikin wani ɗan uwa, nemi gwajin wannan lahani kaɗai. Ya fi arha, amsarsa kuma ba ta da kwana-kwana: akwai ko babu. Shi ya sa ya fi kyau a fara da wanda cutar ta kama, in yana raye kuma ya yarda.

In ba a taɓa gwada kowa ba, sai gwaji mai faɗi, wanda ke duba ƙwayoyin halitta da dama lokaci guda, har da na ciwon Lynch mai jawo kansar hanji da ta mahaifa. A nan ne masu sayarwa ke ruɗin mutane da yawan adadi. Gwargwadon faɗin gwajin, gwargwadon yiwuwar a ce maka an ga wani canji amma ba a san ko yana cutarwa ba. Wannan amsa ta fi faɗa wa 'yan asalin Afirka, domin akasarin bayanan da ake kwatantawa da su daga Turawa aka tara su. Ba a yi wa mutum tiyata a kan irin wannan sakamako, amma yana hana barci.

Na intanet, wanda ake tofa yawu a kwalba a aika, shi na fi shakka. Lokacin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na kamfanin 23andMe a 2018, lahanin BRCA guda 3 kacal yake dubawa cikin fiye da dubu da aka sani, ukun ma sun fi yawa a Yahudawan Ashkenazi, masu asali daga tsakiya da gabashin Turai. An faɗaɗa shi daga baya, duk da haka “ba a ga komai ba” daga can ba wanke kai ba ne, kuma in ya ce ya gani sai asibiti ya tabbatar.

Kafin ka ba da jini, zauna da ƙwararre kan gadon cututtuka ya zana maka tarihin dangi har kakanni. Tambaye shi me za a yi in an samu lahanin: ƙarin hoton mama, leƙa hanji tun da ƙuruciya, ko tiyatar riga-kafi. Tambayi kuma ko kuɗin gwajin ya haɗa da zaman bayanin sakamako, da wanda zai iya ganin bayananka bayan likita.