IMC ko awon ƙugu, wanne za a saurara?

Hajiya, tun jiya da daddare na ga tambayarki, aiki ne ya riƙe ni. Ga waɗanda ba su gani ba: ta je CSI, wato ƙaramin asibiti, a nan Tahoua, ta hau kilo, aka auna tsayinta, aka rubuta mata IMC, wato lissafin nauyi da tsayi, 27,4 a karne, aka ce nauyi ya ɗan haura. Maigidanta Alhaji kuwa 24,2 ya samu, tun ranar yake yi mata tsiya, alhali tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Shi ne take tambaya wane ne a cikinsu ya kamata ya damu, kuma ko da gaske awon ƙugu ya fi wannan lissafi.

Lissafin IMC, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira BMI, ba shi da wuya. Ki ɗauki nauyinki a kilo, ki raba da tsayinki a mita, abin da ya fito ki sake raba shi da tsayin. Naki kilo 72 ne, tsayi 1,62. Rabawar farko ta ba da 44,4, ta biyu 27,4. Da yawa a ta farkon suke tsayawa, su ga 44 a salula hankalinsu ya tashi a banza. Na Alhaji kilo 74 da tsayi 1,75, shi ya ba da 24,2.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka iyakokin haka ga wanda ya balaga: ƙasa da 18,5 rama ce, daga 18,5 zuwa 24,9 daidai, daga 25 zuwa 29,9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama ƙiba ce da likita ke ɗauka a matsayin cuta. A takarda dai Alhaji ya ci, ke kin faɗi.

Sai dai kilo ba shi da ido. Bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san inda kitsen ya je ya kwanta ba. Wanda ya ƙirƙiro lissafin a wajajen 1830, Adolphe Quetelet, masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljiyam, kuma taron jama'a yake aunawa, ba majiyyaci ɗaya ba. Sunan da muke kiransa da shi ma sai a 1972 wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa. Mu da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a garinmu a 1975 ba ma buƙatar dogon bayani. Ki ɗauki ɗan kokowa mai tsayi 1,80 da kilo 95, IMC ɗinsa 29,3, saura ƙiris a ce masa mai ƙiba. Ki dubi cikinsa ranar da ya tuɓe a fili, kamar faranti. Ga kuma mai shago da ke wuni a kujera da butar shayi a gefe, ƙafafu sirara, ciki a gaba, lambarsa na cewa lafiya lau.

Awon ƙugu nan ya fi ƙarfi, don yana bin kitsen da ya fi ɓarna, wanda ke taruwa cikin ciki ya kewaye hanta da hanji. Shi ne aka fi alaƙantawa da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. Na ɗuwawu da cinya, wanda ya fi yawa ga mata, haɗarinsa bai kai haka ba. Ga namiji, daga santi 94 a fara lura, daga 102 abin ya yi nisa. Ga mace 80 ne da 88. Ni dai na fi son ƙa'idar da ba ta buƙatar hadda: kada ƙugu ya kai rabin tsayi. Ke iyakarki santi 81, ta Alhaji 87 da rabi.

Amma awon yana da ladabinsa, kuma a nan mutane ke cutar kansu. Mitar tela ta isa. Ki lalubo haƙarƙarin ƙarshe, ki lalubo saman ƙashin ƙugu, ki zagaya mitar a tsakaninsu, kan fata, ba kan zane da ɗan tofi ba. A tsaye, bayan an saki numfashi, ba a matse ba. Maza kuma sun iya wayo: su shanye ciki, ko su auna can ƙasa inda tazuge ke zama. Kada ki yarda. Mutum biyu ma kan auna ciki ɗaya su sami bambancin santi biyu ko uku, abin da ba ya faruwa da kilo mai kyau.

Kada kuma a yar da IMC. Akwai abin da yake gani wanda mita ba ta gani, wato rama. Wanda tarin fuka ko wata doguwar jinya ke cinyewa, saukar lambarsa ƙasa da 18,5 na iya tona shi, kuma a ƙasarmu wannan gefen ba ƙarami ba ne. Haka idan lambar ta kai 35, mita ba ta da sauran labarin da za ta ƙara. Mai juna biyu da wanda jikinsa ya kumbura da ruwa, duka awon biyu ba su yi musu adalci. Yara kuma nasu jadawalin daban ne.

A ganina, Hajiya, 27,4 ɗinki a sa mata ido ne kawai, matuƙar ƙugu bai wuce 80 ba, jini da suga kuma suna daidai. Idan ya wuce, sai a rage mai a miya da sukari a fura, a ƙara tafiyar ƙafa da yamma. Alhaji ne nake son ki kama da mita gobe da safe kafin ya karya. In ya haura 94, ki raka shi a duba masa hawan jini da suga, ki kuma karɓe karnen nan da yake nuna wa baƙi.