GARGAƊI: mai sayar da tsofaffin rigunan dina na jabu a Instagram

'Yan uwa mata don Allah ku yi hattara, musamman teloli irina da masu shirin biki. Akwai wata da ke tallan dogayen rigunan dina na Turawa, wai na shekarun 1920 ne daga Paris, silikin asali da aikin duwatsu na hannu. Ni dai na faɗa tarkonta, na tura kuɗi gaba ɗaya saboda na daɗe ina burin in riƙe irin rigar nan a hannuna in ga yadda mutanen wancan zamanin suke jera duwatsu a kan shifon.

Ranar da kaya suka iso tun daga ɗagawa jikina ya yi sanyi, rigar sakayau kamar gyale, alhali ta gaske nauyi gare ta don duwatsun gilashi ne, in ka ɗora a kumatu sai ka ji sanyi, waɗannan kuwa roba ce zalla, wasu ma da gam aka manna su. Na juya bayanta sai ga zif na roba irin wanda muke saye a kasuwa, rigunan dina na 1920 fa ba su da zif, ta kai ake zurawa ko a ɗaure da 'yan maɓallai da ƙugiya a gefe. Can ciki kuma ga guntun lebul na yadda ake wanki an yanke shi da almakashi amma bai fita duka ba, a Amurka ma sai 1972 aka wajabta saka irin wannan lebul.

Duk da haka ban yarda ba sai da na zare zare ɗaya daga cikin kalmasa na kunna masa ashana. Siliki warin gashi yake in ya ƙone, tokarsa kuma ta murmushe a yatsa, wannan narkewa ya yi ya dunƙule ya yi tauri, foliyesta ce kawai, wadda a 1920 ko ƙirƙiro ta ba a yi ba, sai 1941.

Wallahi abin ya min ciwo, kuɗin ɗinkin wata biyu ne. Na tura mata hotuna, ta ce wai gyara aka yi wa rigar, da na ce to ta dawo min da kuɗina sai ta toshe ni. Jiya wata ƙawata ta ga hotunan tallan nan nata dai a sabon shafi da wani suna daban, har da koriyar rigar da na saya, wai saura guda ɗaya. Kafin ki tura ko sisi ki ce a juya rigar a yi miki bidiyon cikinta, ki ga ɗinkin, ki ga bayan duwatsun.