Wace ƙaramar kwamfuta ce ta dace da HamClock? Ga abin da na gani

Jama'a salamu alaikum, masu harkar rediyon amacuwa da ke ta tambayata wace Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar nan da ake kira Pi, za su saya don ɗora HamClock, to ga amsata a taƙaice: kar ku ɓata kuɗinku kan Pi 5, wlh wannan aikin bai kai nan ba.

Ga wanda bai san shi ba, HamClock manhaja ce da wani Ba'amurke Elwood Downey ya rubuta, ka haɗa ta da allo ta zauna kusa da rediyonka tana nuna maka lokacin UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, da taswirar duniya inda kake ganin layin da ya raba dare da rana yana tafiya a hankali, ga lissafin ɗigon rana da SFI da Kp, alƙaluman da ke nuna yadda yanayin rana ke shafar tafiyar siginar rediyo, ga DX cluster, wato jerin rahoton tashoshin nesa, ana zubo wanda aka ji da kuma mitar da aka ji shi. Ni layin nan na dare da rana shi ne ya sa na kamu da ita, don da magariba idan ya iso kanmu sai ka ji mita 40, ɗaya daga cikin zangunan da muke magana a kai, ta buɗe, tashoshin da ba ka ji da rana su fara shigowa. Kuma mu da muke gaba da UTC da awa 1 kun san yadda ake rikicewa wajen rubuta lokaci a littafin log da muke rubuta tashoshin da muka yi magana da su, agogon ya kashe min wannan matsalar gabaɗaya.

To asalin manhajar nan fa a kan ESP8266 aka fara gudanar da ita, wani ɗan guntun abu da bai kai ko kusa da ƙarfin wayar hannu ba, shi ya sa nake mamakin masu cewa sai Pi 5. Ita Pi 5 ta fito 2023, tana son caja mai watt 27 kuma tana son fanka, abu ne mai kyau sosai amma a ce agogo kawai za ta riƙe ai an yi asarar ta. Abu ɗaya da nake yaba mata a nan shi ne tana da agogon ciki da ake sa wa batiri, sauran na baya ba su da shi, sai sun samu intanet suke sanin ƙarfe nawa.

Ni Pi 3B+ nake amfani da ita, ta 2018, RAM gig 1, tana da cikakken ramin HDMI ba sai ka je neman adafta ba, ga ramin waya na intanet ga Wi-Fi. Na gina manhajar a girman allo 1600x960 na jona da wata tsohuwar talabijin, shikenan, ba fanka ba ƙara, ɗan ƙarfen sanyaya kawai na manna mata kuma ta wuce zafin Afrilu lafiya lau. Zero 2 W ma na gwada ta, ita ce mai arha, dala 15 aka sa mata lokacin da ta fito 2021, tana yi, sai dai RAM ɗinta 512MB ne don haka wajen gina manhajar sai ka ƙara swap, wato ka ari wuri a katin memori ya taimaka wa RAM, kuma ka yi haƙuri, sannan mini HDMI take da shi da Wi-Fi na 2.4 kawai, in ka lissafa adaftocin da za ka saya arhar ta ragu. Pi 4 kuwa in dai kana so ka haɗa da WSJT-X, manhajar aika saƙon dijital ta rediyo, a kanta to ita zan ce ka ɗauka.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne caja da katin memori. Da farko wata cajar waya ta kasuwa na sa mata, ina kunna rediyo sai wani irin shuuu ya cika mita 20 da 40 ba na jin kowa, kwana biyu ina zargin eriya ashe cajar ce ke watsa hayaniya, ina zare ta wuri ya yi tsit. Na canza caja mai kyau ta volt 5, na naɗa wayar a zoben ferrite mai rage hayaniya, magana ta ƙare. Memori kuma sau ɗaya aka ɗauke wuta tana cikin rubutu ya lalace sai da na sake komai daga farko, tun ranar na mayar da ita kan batirin sola da ke riƙe rediyon, kuma na ajiye kwafin katin a gefe.

Ku tuna dai bayanan rana da na DX duk ta intanet suke zuwa, in data ta ƙare rabin allon zai tsaya. Sannan ba dole sai da talabijin ba, akwai nau'in da ake buɗewa ta burauza, ni wani lokaci daga tsakar gida nake leƙa ta a waya in ga ko mita 10 ta buɗe kafin in shiga ɗaki.