Manhajar White Risk: taswirar da ta san inda dusar ƙanƙara ke zaftarewa

Wanda zai bar filin wasan zamiya kan dusar ƙanƙara da aka gyara ya hau tsaunukan Siwizalan da kansa, White Risk ce manhajar da ta fi cancanta ya sa a wayarsa. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos, wadda take fitar da rahoton haɗarin zaftarewar ƙanƙara tun 1945, ita ta yi ta tare da hukumar inshorar haɗurra ta Suva. Rahoton kyauta ne, yana fitowa ƙarfe 5 na yamma da 8 na safe a tsakiyar hunturu. Tsara tafiya da sauke taswira kuwa sai an biya.

Babban alfanunta shi ne taswirar gangara. Duk inda tsayuwar dutse ta kai digiri 30, an shafa masa launi, kuma launin na ƙara zafi a 35 da 40 da 45. Ba a zaɓi 30 da ka ba. Dusar ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, kuma a tsakani akan sami shimfiɗa mai rauni, ƙwayoyinta warwas kamar sukari, ba sa kama juna. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya rusa ta, tsagar ta ruga ƙarƙashin fallen da ke sama. Daga nan abin da ya rage yana riƙe fallen shi ne gogayya kawai, tsakaninsa da abin da ke ƙasa. An auna wannan gogayya, ta kai kusan 0.6 na ƙarfin da fallen ke danne ƙasa da shi, kuma a wajen digiri 30 ne jan gangara ke rinjayarta. Ƙasa da haka fallen zai tsage, ya ce "wum", ya zauna inda yake. Sama da haka ya tafi gaba ɗaya, da wanda ke kansa. Shi ya sa mafi yawan haɗurran ke faruwa tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangarar da ta fi daɗin zamiya.

Daren da za a wayi gari a tafi, a duba matakin haɗari cikin matakai 5 na ma'aunin Turai (na 5 ne mafi muni), da fuskar dutse da tsayin da rahoton ya ce abin ya fi muni. Sai a zana hanya a kan taswira, a ga inda ta ratsa launi. A mataki na 2, a tsaya ƙasa da digiri 35. A mataki na 3, ƙasa da 30, kuma a duba gangarar duka har sama, domin ana iya tayar da zaftarewa daga shimfiɗaɗɗen wuri ta rufto daga bisa. Wajen rabin waɗanda ke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, saboda mutane na ganin uku cikin biyar kamar tsaka-tsaki ne. Tun hunturun 2022/23 rahoton na nuna ko matakin ya kusa na sama ko na ƙasa, kuma wannan gyara ne mai amfani ƙwarai.

Amma akwai inda gizo ke saƙar. Rahoton na magana ne a kan yanki mai faɗi, bai san kwarin da iska ta tara wa ƙanƙara daren jiya ba. Taswirar kuma ƙasa ta auna, ba ƙanƙarar da ke kanta ba, tana kuma shafe ƙananan wurare masu tsayuwa: gangarar mita goma mai digiri 38 na iya ɓuya cikin wurin da ba launi. Akwai ma'aunin kusurwa a cikin manhajar. A kwantar da sandar zamiya bisa gangara, a ɗora gefen waya a kanta. Kuskuren digiri biyu ko uku abu ne mai sauƙi, don haka wanda ya ga 29 ya ɗauka 32 ne.

Sai matsalar wayar kanta. Sanyi na shanye batir, kwaruruka da dama ba sabis, dole a sauke taswira tun a gida. Mafi muni, waya na dagula na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne, mai aiki da siginar rediyo ta 457 kHz. A raba su da aƙalla santimita 20 lokacin tafiya, 50 lokacin nema. Manhajar ba ta tono kowa: fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ciro cikin minti 10 suna rayuwa, a minti 35 kuwa sun ragu zuwa kusan kashi 30. Na'urar nema, sandar soka ƙanƙara da shebur na ƙarfe dole su kasance tare da kowane ɗan tawaga, na'urar kuma a rataye a jiki ƙarƙashin riga, ba cikin jaka ba.