cloud-init ko SSH: wanne ya kamata ya fara taɓa sabuwar VM?

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya kawo tambaya a zauren nan. Yana da saba mai Proxmox (manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, waɗanda ake kira VM) a cibiyar koyar da kwamfuta, zai tayar da VM ashirin na Ubuntu, kuma ba ya so ya riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya don girka Salt ko Puppet, manhajojin da ake sarrafa na'urori da yawa da su daga wuri ɗaya. Ya bar wa cloud-init aikin ne, ko ya tura daga kwamfutarsa ta SSH, hanyar shiga wata na'ura daga nesa?

Malam, dukansu suna kai mutum gida, amma wurin tuntuɓensu daban ne.

cloud-init, manhajar da ke saita sabuwar VM, yana aiki ne daga cikinta. Ranar da VM ta fara tashi, yana karanta fayil ɗin da ka rubuta, wanda layinsa na farko dole ya zama #cloud-config, ya buɗe asusu, ya sa makullin SSH, ya girka manhajoji, ya gudanar da umarnin da ke ƙarƙashin runcmd. Ba sai ka san adireshin IP ɗinta ba, ba ma sai kana zaune ba. Lahaninsa kuwa shi ne mafi yawan aikinsa sau ɗaya yake yi ga kowace VM. Idan intanet ya yanke yana tsakiyar sauke salt-minion, wakilin Salt da ke zama a kan VM, ko wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, ba zai koma ya ƙarasa da kansa ba. VM za ta tashi kamar lafiya lau, sai ka buɗe /var/log/cloud-init-output.log ka ga inda ta tsaya. A inda layi yake zuwa yana komawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Turawa ta SSH kuwa daga waje take. Ansible, manhajar da ake yin wannan turawar da ita, ba ya buƙatar wakili a kan VM, ƙofa ta 22 (ta SSH) da makulli da Python kawai yake nema, in ma babu Python ɗin, sashensa na raw zai girka. Yana ɗaukar na'ura 5 a lokaci guda sai in ka ƙara da -f. Idan uku suka faɗi cikin ashirin, za ka gan su da ja a allonka, ka sake gudanarwa da --limit, abin da aka riga aka yi ba za a maimaita ba. Kuɗin da za ka biya shi ne dole ka san adireshin kowace, kuma dole wani ya riga ya sa maka makulli a ciki. Wannan wanin kuwa cloud-init ne.

Shi ya sa shawararmu ita ce a raba musu aikin. A ba cloud-init ɗan abin da ba ya buƙatar intanet: suna, adireshi, asusu, makulli. Duk wani saukewa a bar wa Ansible. A Proxmox, shafin Cloud-Init na kowace VM ya isa yin wannan. In kana son ƙarin fayil naka, haɗa shi da qm set 101 --cicustom "vendor=local:snippets/fara.yaml". Kula da kalmar vendor ɗin nan. Idan ka sa user a madadinta, fayil ɗinka zai maye gurbin wanda Proxmox yake haɗawa, har da sunan na'ura da makullin da ka shigar a shafin.

Kalmar sirri da makullin sirri kada su shiga fayil ɗin cloud-init ko kaɗan, domin kwafinsa yana zama a /var/lib/cloud/instance. A AWS ma, wato sabobin haya na Amazon, inda girman fayil ɗin ba ya wuce KB 16, shirin da ke gudana cikin na'urar yana iya tambayo shi daga 169.254.169.254. Ta SSH ake tura sirri.

Inda aka haɗa su biyu akwai rami guda: ƙofa ta 22 tana buɗewa tun cloud-init bai gama ba. Ansible ya shiga ya kira apt, mai girka manhajoji a Ubuntu, ya tarar an riƙe /var/lib/dpkg/lock-frontend, aiki ya faɗi. Maganinsa aikin farko a fayil ɗinka na Ansible ya zama cloud-init status --wait. Don karɓar makullin shaidar sababbin na'urori, sa StrictHostKeyChecking=accept-new maimakon kashe binciken gaba ɗaya.

Abin da ya fi cin lokacin mutane ma ba zaɓin hanya ba ne, samfurin da ake kwafa ne. Idan ka mayar da VM samfuri ba ka wanke ta ba, 'ya'yanta ashirin za su fito da /etc/machine-id iri ɗaya, kuma Ubuntu daga shi yake ƙirƙirar shaidar da yake ba DHCP, mai raba adireshin IP, sai ka ga na'urori suna faɗa kan adireshi guda. Kafin ka rufe samfuri, gudanar da truncate -s 0 /etc/machine-id, goge /etc/ssh/ssh_host_*, sannan cloud-init clean. In an taɓa tayar da Salt a ciki, goge /etc/salt/minion_id da makullan da ke /etc/salt/pki, in ba haka ba ubangidan, wato na'urar da ke ba wakilan Salt umarni, zai ga yara ashirin da suna ɗaya. Na Puppet ma haka, satifiket ɗin da ya riga ya karɓa dole ya fita.

Sai agogo. Sabar da ke yawan mutuwa, batirin agogonta kuma ya yi sanyi, takan tashi da tsohon kwanan wata. Daga nan apt zai ce lokacin fayil ɗin ma'ajiya bai yi ba, Puppet ya ƙi satifiket. Girka chrony, mai daidaita agogo, a kan sabar kanta, ka bar UDP 123 a buɗe. Salt yana son 4505 da 4506 zuwa ga ubangida, Puppet 8140.

Batun data kuma, kada na'ura ashirin su sauke abu ɗaya sau ashirin. Ware VM guda ka sa mata apt-cacher-ng, mai ajiye kwafin abin da aka sauke, sauran su bi ta ƙofarta ta 3142. Ma'ajiyar da ke kan HTTPS ba ta ajiyuwa a nan sai da ƙarin saiti, don haka sauke fayil ɗin deb na wakilin Salt ko Puppet sau ɗaya, Ansible ya raba musu.

Fara da VM biyu. Duba cewa machine-id ɗinsu ya bambanta, sun bayyana daban a salt-key -L, ka karɓe su da salt-key -a bayan ka gwada zanen yatsan makullansu, sannan ka saki sauran 18.