Yaya, a gwada kunnen yaron nan kafin a sayi komai

Assalamu alaikum Yaya, ya mai jiki? Na saurari saƙonki cewa tun da aka sallamo autanki bayan sankarau, sai a yi ta kiransa bai waiwayo ba, Baffa kuma na cewa shagwaɓar jinya ce. Kin ce in aiko da na'urar ji daga nan Birmingham ta Ingila. Ki ɗan dakata tukuna.

A asibitin da nake aikin kula da marasa lafiya, ranar sallama ba ita ce ƙarshen magana ba. Duk yaron da ya tashi daga sankarau, ƙa'ida ce a gwada jinsa cikin mako 4, in da hali ma tun yana kan gado, sannan likitan yara ya sake ganinsa bayan mako 4 zuwa 6. Gaggawar tana da dalili. Can cikin kunne akwai wani ɗan wuri mai siffar katantanwa, kuma bayan wannan ciwo yakan fara cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni. In ya toshe, ko na'urar da ake dasawa ta hanyar tiyata da ƙyar take shiga. Mu kuwa a gida, da zazzaɓi ya sauka wuya ya saki, sai barka da arziki. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu yakan fita da tabo mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, shanyewar hannu ko ƙafa, taruwar ruwa a kai, ko karatu ya daina zama. Ki tuna annobar 1996, da ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya. Waɗanda suka rasu an ƙirga su, fiye da 11,000. Kuramen da ta bari a unguwarmu fa, wa ya bi sawunsu?

Batun na'ura, a nan hukumar lafiya ta NHS ke ba yaro kyauta, har da batir, kuma duk sanda kunnen ya ƙara girma a sake auna masa robar da ke zama ciki. Amma ba kayan kanti ba ce da za a ɗauka a tura. Sai an yi gwaji, an saita ta a kwamfuta daidai da abin da kowane kunne ya rasa. Irin waɗanda ake tallarsu a intanet da araha, ƙara kawai suke ɗagawa, kukan janareto da muryarki duk ɗaya. Ku kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ku karɓo takardar sakamako. Batir ni zan riƙa aikowa, don ba ya wuce mako ɗaya ko biyu.

Ki sa ido kan farfaɗiya ma. Ba lallai sai ya faɗi yana kumfa ba, wani ƙura ido kawai yake yi ya ɗauke na ɗan lokaci. A nan mai farfaɗiya ba ya biyan kuɗin magani. A gida akwai phenobarbital da carbamazepine, matsalar ita ce yankewa: a sha wata guda, kuɗi su ƙare, ciwo ya dawo da ƙarfi, sai a ce ai dama iska ce. A yi addu'a, amma kada a ajiye ƙwaya sai da izinin likita.

Kada ki zaci komai zuma ne a nan. Layin ganin mai koyar da magana yakan ɗauki watanni, kuma nakan ga uwa ita kaɗai da yaro kurma a ɗaki, babu kaka babu maƙwabciya. A Kano kuwa ko mai shayi ya iya ɗan maganar hannu, ga makarantar kurame ta Tudun Maliki. Ku fara yi masa ishara tun yanzu, kuna fuskantarsa in za ku yi magana.

Sauran yaran kuma, in an zo rigakafin sankarau na Men5CV da Najeriya ta fara a 2024, a kai su kafin bazara. Ki tambayo min kuɗin gwajin da na mota, zan turo ta hannun Baffa. A gaida Inna.