Karatun aikin lab: a bi ta kwalejin lafiya ko a miƙe jami'a?

Mai son zama masanin gwaje-gwajen asibiti a Najeriya, digirin da yake nema shi ne BMLS, wato digirin farko na kimiyyar lab ɗin asibiti, lasisi kuma yana hannun MLSCN, hukumar da ke kula da wannan sana'a, da aka kafa da dokar 2003. Hanya uku ake bi. Kafin ka zaɓa, duba shekarun da kowace za ta ci, da abin da zai rage a hannunka idan karatu ya tsaya a tsakiya.

Mafi gajarta ita ce JAMB kai tsaye: Turanci, Fiziks, Kemistri da Bayoloji, da kiredit biyar har da Lissafi, sai shekara 5 a jami'a irin su BUK, ABU Zariya, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Maiduguri ko Jos. Matsalar gurbi ce. MLSCN tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗalibai, kuma masu maki mai yawa da suka rasa likitanci nan suke gangarowa. Hanya ta biyu, IJMB, ma kusan haka take: shekara 1 ta share fagen shiga jami'a, sai ka shiga aji biyu, jimilla 5. Amma idan makin bai kai ba, takardarta ba ta ba ka damar taɓa jinin kowa.

Hanyar kwaleji daban ce. Za ka yi shekara 3 kana karanta MLT, wato kwas ɗin teknishan na lab ɗin asibiti, a kwalejin kimiyyar lafiya, irin na Maƙarfi, Kankiya, Jahun ko Gwadabawa, ka zauna jarrabawar MLSCN, ka fito da rajistar aiki. A nan hannu yake faɗawa: neman jijiya a hannun yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa, shimfiɗa ɗigon jini a gilashi ba kauri ba tsinkewa, rina shi da sinadarin Giemsa, a sa a madubin likita a nemo ƙwayar maleriya. Bayan haka sai ka sayi fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga jami'a da takardar gaba da sakandare, ka nemi aji biyu, ka ƙara shekara 4. Jimilla 7 ke nan, ban da shekarar horon asibiti da bautar ƙasa. Wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafiya NYSC take ba shi, a sa wannan a lissafi.

Shekara biyun da aka ƙara ba asara ba ce ga wanda gidansu ba ƙarfi, domin da MLT ana samun aiki a asibitin karkara ko lab mai zaman kansa a tara kuɗin makaranta. Sai dai BMLS karatun cikakken lokaci ne, ga zuwa asibitin koyarwa da jarrabawar ƙwararru a aji huɗu da biyar, don haka ma'aikaci ya fara neman hutun ƙaro karatu tun da wuri.

Inda aka fi yin kuka shi ne rikita MLT da SLT. SLT kwas ne na foliteknik, na ɗakin gwajin makarantu da masana'antu, hukumar NISLT ce ke kula da shi. Ko ka yi HND a kansa, ba ka da lasisin lab ɗin asibiti. Sai kwalejojin kuɗi da suka yi yawa yanzu: izinin gwamnatin jiha ko allo mai kyau a ƙofa bai wadatar ba. Duba sunan makarantar a jerin MLSCN, ka tabbatar kwas ɗin MLT ɗin kansa aka amince da shi, sannan ka tambayi 'yan ajin ƙarshe ko an ba su lambar rajistar hukumar. Makarantar da ta ɗebi fiye da ƙa'idarta, rarar ɗaliban ba sa samun lamba, kuma ba lamba ba jarrabawa.

Kada ka ɗauka kowace jami'a tana karɓar MLT a DE. Sharaɗi ya bambanta, wata ma ba ta yarda da sakamakon sakandare na zama biyu. Karanta kundin JAMB na shekarar, ka je ofishin sashen da kanka kafin ka biya kuɗin kwaleji. Ka kuma daidaita sunanka da ranar haihuwa a WAEC ko NECO, da NIN, da takardar kwaleji, domin harafi ɗaya ya saɓa sai a tsayar da kai wajen tantancewa.